Jos: Ƙurar Kuza A Jikin Ƙaramin Jirgin Yaƙi

Ta kowace hanya matafiyi ya nufi Jos, sai ya yi hawa. Idan daga Zariya ya taso, ya bi ta Pambeguwa da Saminaka da Jengre, zai ji mota ta soma nishi tun bai hangi gari ba. Idan daga Bauci ne, ya wuce Toro da Tilden Fulani, labarin ɗaya ne. Wanda kuwa ya ɓullo daga kudu ta Akwanga, shi ne zai gamu da Hawan Kibo, inda manyan motoci kan yi ta rarrafe, ƙaren mota na biye da waigi a hannu. Garin yana zaune ne bisa tudu mai tsawon kimanin ƙafa 4,000 daga gaɓar teku, duwatsun Shere da ke gabas da shi kuwa sun kusa ƙafa 6,000. Shi ya sa baƙon da ya zo da 'yar shara a watan Janairu ba ya kwana biyu bai nemi bargo ba.

Da an hau tudun, abin da ido ke fara gani shi ne duwatsu, wani bisa wani kamar da hannu aka ɗora su, sai kuma shingen ƙerana da ke kewaye da gonakin Birom. Abu na biyu shi ne ramuka. Daga Naraguta zuwa Rayfield, daga Bukuru zuwa Barikin Ladi, ƙasar cike take da kududdufai masu zurfi, kowanne da tudun ƙasar da aka haƙo daga cikinsa tsaye a gefe. Waɗannan su ne ramukan kuza. Ruwan wasu kore ne shar, na wasu kuwa ja ne kamar an jiƙa kanwa. Tudunan ma launinsu iri-iri ne: akwai ja, da rawaya, da farar ƙasa, da toka-toka. Masu lambu suna jan ruwan su shayar da dankalin Turawa da kabeji da tumatir, iyaye kuma ba sa gajiya da gargaɗin yara su yi nesa da bakinsu, domin sun ci rayuka ba kaɗan ba.

Waɗannan launuka na ƙasar Jos suna da alaƙa da wata 'yar sana'a ta nishaɗi wadda ba kowa ya san ta ba a ƙasar nan, watau haɗa ƙaramin jirgin yaƙi na kwaikwayo, da yi masa fenti, da sa masa alamun tsufa da wahala har ya zama kamar yanzu ya sauko daga sama.

JIRGIN KARA DA JIRGIN ROBA

Kwaikwayon jirgin sama ba baƙon abu ba ne ga yaran Arewa. Tun da jiragen sojan Ingila guda uku suka sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jirgi ya shiga cikin abubuwan da yara ke ƙerawa bayan girbi. A ɓare bayan kara, a yanka totuwa, a soke wannan cikin wancan, sai ga jirgi da fukafukansa da farfelarsa. Yaran birni kuma suna yi da gwangwanin madara da waya.

A Ingila wannan wasa ya zama kasuwa. A shekarun 1950 kamfanin Airfix ya fitar da jirginsa na farko na roba, samfurin Spitfire, wanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa mutum ya haɗa da kansa. Ma'aunin da aka fi yayi shi ne ɗaya cikin 72, watau kowane inci ɗaya na ƙaramin jirgi a madadin ƙafa shida yake na babban. Jirgin Hurricane, wanda faɗin fukafukansa ƙafa 40 ne, idan aka mayar da shi bisa wannan ma'auni bai cika inci bakwai ba, ya zauna daram a tafin hannu. Haɗa shi da gam aikin yini ɗaya ne. Inda gwani ke rabuwa da ɗan koyo shi ne wajen fenti, domin kafin a tsoma buroshi sai an amsa tambaya uku: wane jirgi ne wannan, a wace shekara, kuma wace ƙasa ya taka?

Ga mutumin Arewa amsar ba ta da nisa, gama jiragen Hurricane sun sha ƙurar ƙasar nan.

HANYAR ALHAZAI TA SAMA

A 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawa ke kira Yaƙin Hitila, Italiya ta shiga yaƙi a gefen Jamus, Faransa kuma ta faɗi. Tekun Bahar Rum ya zama wurin haɗari ga jiragen ruwan Ingila, alhali sojojinta da ke Masar suna bukatar jiragen sama. Sai aka koma ɗauko jiragen cikin manyan akwatunan katako zuwa Takoradi a ƙasar Gwalkwas, watau Gana ta yanzu, a haɗa su a can, sa'an nan matuƙa su ratsa Afirka da su. Abin da ya sauƙaƙa wannan shi ne, a watan Agusta na shekarar, Gwamnan Cadi Felix Eboue ya bi bayan Janar de Gaulle, saboda haka sararin ƙasarsa ya buɗe.

Ayari na farko ya tashi a watan Satumba, 1940. Yadda aka saba shi ne jirgi mai inji biyu samfurin Blenheim ya wuce gaba a matsayin madugu, domin shi ke ɗauke da mai duba taswira, ƙananan jiragen yaƙi kamar shida suna biye. Daga Takoradi sai Legas, sai Kano, sai Maiduguri, a ratsa Cadi ta wajen Fallomi, a sauka Jinaina da Fashir da Hartum, sa'an nan a bi Kogin Nilu zuwa Alƙahira. Tafiyar ta kusa mil 4,000, kuma takan ci kwana shida ko abin da ya yi kusa da haka. Duk wanda kakansa ya yi aikin hajji a ƙasa zai gane waɗannan zangon-zangon, domin daga Kano zuwa Hartum hanyar alhazai ce sak: abin da mai jaki ke yi cikin watanni ko shekaru, shi jirgi ke yi cikin kwanaki. Kafin ƙarshen 1943, jiragen da suka bi ta wannan hanya sun haura 5,000.

Jos ba ta cikin manyan zangon wannan hanya. Rabonta na yaƙin a ƙarƙashin ƙasa yake.

DIBAN GWAMNA

Tun kafin zuwan Turawa, maƙeran Ririwai suna narka kuza suna sayarwa, kuma bin sawun wannan fatauci ne ya kawo ma'aikatan Kamfanin Neja bakin tudun a farkon ƙarni na 20. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso, a 1927 kuma babban layi ya hau daga Kafancan. Amma ƙasashen da suka fi ba duniya kuza a wancan zamani su ne Malaya da tsibiran da ke kusa da ita. Da Japan ta cinye su, Singafo ta faɗi a watan Fabrairu, 1942, sai idon Ingila ya juyo kan Filato.

Kuza ƙarfe ne da ba a ganinsa a jikin jirgi, amma ba a yin jirgi sai da shi. Da shi ake haɗa dalmar da ake liƙe wayoyin lantarki da na'urar rediyo da tankin sanyaya ruwan inji. Ana gauraya shi da jan ƙarfe a sami tagulla mai jure guga. Da shi kuma ake shafe gwangwanin abincin soja don kada ya yi tsatsa.

Kamfanonin haƙa suka ce ba su da isassun lebura, gwamnatin mulkin mallaka kuma ta kafa dokar aikin tilas. Aka yanka wa larduna yawan mutanen da za su kawo, En'e ta yanka wa hakimai, hakimai suka yanka wa dagatai. Talakawa suka sa wa abin suna diban gwamna. Tsakanin 1942 da 1944, kimanin mutum 100,000 aka kwaso daga lardunan Arewa, rukuni bayan rukuni, kowane rukuni ya yi 'yan watanni. Yawancinsu manoma ne daga ƙasashe masu zafi, ba su taɓa jin sanyi irin na wannan tudu ba. Aikin kuwa diga ne da shebur da kwanon sarki, a cikin laka da ruwa. Abinci ya yi ƙaranci, bukkokin bariki ba su tare iska, ciwon haƙarƙari da gudawa suka shiga, mutane suka mutu, musamman a wajen aikin madatsar ruwa ta Tenti. Da yawa suka gudu suka kama hanyar gida a ƙafa. Maganar ta kai har Majalisar Dokokin Ingila, aka soke dokar a 1944. A 1943 kuzar da aka fitar ta haura tan 17,000, adadin da ba a taɓa kai wa ba kafin nan.

Ban da jiki, mutanen ƙasar nan sun ba da aljihu. An kafa asusun taimakon yaƙi, baitulmalin En'e-En'e da talakawa suka zuba kuɗi don sayen jiragen yaƙi, a lokacin da fam 5,000 ke isa a rubuta sunan mai bayarwa a jikin Spitfire ɗaya. Wasu kuma suka sa kaki suka tafi Bama.

Bayan yaƙi ma jirgin sama bai rabu da Filato ba. A shekarun 1950, lokacin yaƙin Koriya, Amurka ta shiga sayen wani baƙin yashi da ake samu tare da kuza, mai suna kwalambayit, wanda ake haɗa ƙarfen injin jet da shi domin ya jure zafi. A wancan lokaci mafi yawan abin da duniya ke samu daga Nijeriya yake fitowa, har aka koma tona tsofaffin tudunan da aka zubar ana sake wankewa.

FENTI DA LAUNINSA

Saboda haka mai haɗa ƙaramin Hurricane, idan a Jos yake zaune, tarihin abin da ke hannunsa yana bayan tagarsa. Ga yadda masu wannan aiki ke bi.

Da farko a wanke jirgin da ruwan sabulu don cire maiƙon masana'anta da na yatsu, a cike tsagar da ta rage inda ɓangarori suka haɗu, a goge da samfefa mai laushi. Sa'an nan a shafa fentin shimfiɗa, toka-toka, siriri. Jiragen da aka nufa da hamada launi uku aka fi yi musu: a sama, ruwan ƙasa mai duhu da ruwan rairayi mai haske, cikin zane mai lanƙwasa kamar jikin damo, a ƙasa kuma shuɗi mai haske irin na sararin sama. Na farko-farko kuwa da yawa sun iso ne da kayan Ingila, kore da ruwan ƙasa. Wasu an shafa musu farin fenti a gadon baya, don a hango su daga sama idan suka faɗi a daji. Akwai kuma wani abu kamar maƙoƙo a ƙarƙashin hancin jirgin, watau matacin iska da aka ƙara don kada rairayi ya shiga inji. Wanda ya bar shi, ya haɗa jirgin Ingila ne, ba na hanyar Kano ba.

Masu gwaninta sukan tsinka fenti sosai su shafa sau uku ko huɗu, maimakon sau ɗaya mai kauri wanda zai binne zanen jikin jirgin. Sukan kuma ɗiga ɗan fari a cikin kowane launi, domin ƙaramin abu idan aka ba shi ainihin launin babba yakan yi duhu fiye da kima, kamar yadda dutsen da ke nesa ya fi na kusa haske. Tambarin sojan sama, mai da'irar ja da fari da shuɗi, a jikin wata takarda yake zuwa. A jiƙa ta a ruwa ya zame, a ɗora shi bisa wurin da aka riga aka sa wa sheƙi, in ba haka ba iska ta maƙale a ƙarƙashinsa ya yi fari-fari.

Yanayin Jos yana da nasa sharaɗi. Da hunturu iska busasshiya ce, fenti kan bushe a bakin buroshi, ƙura kuma ba ta jiran gayyata: sai an kifa kwano ko kwali a kan aikin da zarar an ɗaga hannu. Da damina kuwa, daga Afrilu zuwa Oktoba, laima kan sa man rufi na ƙarshe ya yi hazo-hazo. Lokacin da ya fi dacewa shi ne hantsi, bayan raɓa ta ɗauke.

TSUFAN DA AKE SAWA DA HANNU

Jirgin da aka gama wa fenti yakan fito fes kamar ango, kuma a nan ƙaryarsa take, domin babu jirgin da ya sauka Kano da Maiduguri da Fashir ya isa Masar fes. Sai a shiga aiki na biyu, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: kowane tabo sai da dalilinsa.

Injin Hurricane, samfurin Merlin mai tukunya 12, yana fitar da hayaƙi ta bututai a gefen hanci biyu, iskar farfela ta kwantar da shi a jikin jirgi. Tabon baƙi-baƙi ne a gefe, tsakiyarsa kuma toka mai haske, saboda dalmar da ke cikin man jirgi. Ana yinsa da garin alli mai launi, a shafa da busasshen buroshi daga gaba zuwa baya. Baƙin mai yakan tsiyaya a ƙarƙashin ciki, shi ma baya yake bi. Bakin bindigogi takwas da ke cikin fukafukan samfurin farko akan liƙe su da jan ƙyalle don hana ƙura; jirgin da ake kai wa fagen fama bai yi harbi ba tukuna, don haka ba a sa masa baƙin albarushi.

Sai maganar ɓarewar fenti, inda 'yan koyo suka fi yin kuskure. Gaban Hurricane ƙarfe ne, amma daga bayan mazaunin matuƙi zuwa wutsiya yadi ne aka ja bisa ƙashin katako da bututun ƙarfe. Yadi ba ya nuna farin ƙarfe. Saboda haka ɗigon azurfa, wanda ake sawa da bakin fensir ko guntun soso, wurinsa murfin inji ne inda makanikai ke kwance ƙusoshi, da gaban fukafuki inda tsakuwa ke bugu, da gindin fiffiken hagu inda matuƙi ke taka takalminsa ya hau. Yadin kuwa koɗewa yake yi, kamar rigar da ta daɗe a igiyar shanya, kuma sama ta fi gefe koɗewa.

Na ƙarshe ita ce ƙura, kuma iri biyu ce. Akwai jar ƙasa ta filin sauka, wadda ke maƙalewa a taya da ramin taya da ƙarƙashin fukafuki. Akwai kuma ƙurar hunturu, fara-fara mai laushi kamar garin alkama, wadda iska ke kwasowa daga ƙwarin Bodele a arewa maso gabashin Tafkin Cadi, busasshen gindin wani tsohon tafki. Ita ce ke kwanciya a kowane lungu na jirgi, ita ce kuma ke rufe duwatsun Shere a watan Disamba har a kasa ganinsu daga cikin gari. A Turai ana sayar da garin launi a 'yan kwalabe don wannan aiki. Mutumin Jos kuwa, in ya debi jar ƙasa a bakin hanya, ya shanya, ya niƙa, ya tankaɗe da ƙyalle, ya sami ɗaya. In ya share bisa tagarsa da safe, ya sami ɗayar. Sai dai a kiyayi baƙin yashin da ake zubarwa a wuraren tace kuza, domin masana sun tabbatar akwai ma'adinai masu fitar da tururin nukiliya a cikinsa, bai kamata a niƙa shi a ɗaki ana shaƙa ba.

A duk wannan, kaɗan ya fi yawa. Gishiri ne: in ya ji, miya ta yi daɗi, in ya zarce, an yi asarar nama.

GARIN MASU KWAIKWAYO

Jos ta daɗe da sanin darajar kwaikwayo. Gidan tarihinta, wanda Bernard Fagg ya kafa aka buɗe a 1952, haƙar kuza ce ta haife shi. A ramin kuza aka fara tsintar gumakan yumɓu na Nok a 1928. A zamanin yaƙin kuma, aka kawo wa Fagg wani kan mutum na yumɓu daga wajen Jama'a, wanda wani ma'aikacin haƙa ya kafa a gonar doyarsa don korar tsuntsaye. Daga nan duniya ta san cewa fiye da shekara 2,000 da suka wuce akwai gwanayen sassaƙa a wannan yanki.

A harabar gidan akwai tsofaffin kawunan jirgin ƙasa, akwai kuma sashen gine-ginen gargajiya wanda wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya tsara a shekarun 1970. A nan magina suka kwaikwayi ganuwar Kano, da wani sashe na gidan Sarkin Katsina, da masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina, duk da tubali da jar ƙasa. Su waɗannan ba sa bukatar a sa musu tsufa da buroshi. Ruwan Jos ya fi na Kano da Katsina yawa nesa ba kusa ba, yana zaizayar su kowace damina, sai an bi su da yaɓe. Mai ƙaramin jirgi zai ƙaru ƙwarai idan ya tsaya gaban wannan ganuwa ya duba inda ruwa ya bi, da inda rana ta ci, da inda hannun mutane ya goge.

Garin kuma yana da makarantar sakandare ta sojan sama tun 1980, ga jami'a, ga ɗimbin yara masu hannu. Abin da ya rage shi ne a haɗa waɗannan wuri guda. Da hukumar gidajen tarihi da malaman makarantu za su sa ɗalibai su ƙera jirgin Hurricane, ko na roba ko na katako ko ma na gwangwani, a yi masa fenti da ƙurar da ta dace da shi, a ajiye shi cikin gilashi kusa da diga da kwanon sarki da ɗan tulin baƙar kuza, a rubuta bayaninsu da Hausa da Turanci da harsunan Filato, da an yi aikin da littafi ɗaya ba zai yi ba. Waɗanda aka yi diban gwamna da su kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma jikokinsu suna nan a ƙauyukan Arewa, wasunsu suna riƙe da labarin da suka ji a bakin kakanni. Kamata ya yi a bi su a ɗauka tun suna iya faɗi, domin yaron da zai tsaya gaban gilashin nan ya tambayi wane ne ya tuƙa jirgin, ya sami wanda zai gaya masa kuma wane ne ya haƙo kuzar.